Me ya sa maganin hawan jinin maƙwabcinka bai karɓe ka ba?

Kawuna ya haura shekara 30 yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Mutum ne da bai san gadon asibiti ba, in kansa ya yi ciwo ya haɗiyi ƙwaya biyu ya koma rumfa. Bara waccan aka kawo gwajin kyauta unguwarmu a Agege, na lallaɓa shi muka je. Ma'aikaciyar ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, sannan ta ce, "Baba, jininka 172 bisa 104 ne. Ka je asibiti cikin satin nan." Kawu ya ce to. Bai je ba.

Abin da ya yi shi ne abin da yawancinmu ke yi. Maƙwabcin rumfarsa yana da hawan jini da ciwon suga, likita ya ɗora shi a kan wata ƙwaya, kuma ta karɓe shi. Sai kawu ya ari kwalin ya kai wa mai kemis, ya ce a ba shi irinta. Wata takwas yana sha kullum ba fashi. Abin da ya samu kawai shi ne wani busasshen tari da ya hana shi barci, har matarsa ta fara zargin ko tarin fuka ne. Da muka sake awo, jinin yana 168 bisa 102.

A hanyar asibiti ya ce mini, "Kai ɗan nan, magani ɗaya, ciwo ɗaya, amma shi ya warke ni ban warke ba. Ko dai jabu aka sayar mini?" Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Likitar da ta gan mu ta juya kwalin ta ce maganin na gaskiya ne, sai dai ba a wurin da yake aiki matsalar kawu take ba. Wannan magana ce ta sa na shafe watanni ina karatu da tambayar masana, kuma abin da na fahimta shi zan kawo muku a nan. Ni ba likita ba ne, ɗan rakiya ne, don haka kada wani ya canza magani saboda ya karanta wannan.

Ƙoda ce mai riƙe da ma'auni

Mun saba ɗora laifin hawan jini a kan zuciya da tunani. "Tunani ne ya sa masa hawan jini." Damuwa tana da nata kason, amma gaɓar da ke saita ƙarfin jini na tsawon lokaci ita ce ƙoda. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Ƙodoji biyun nan suna tace ruwan jini kusan lita 180 a kowace rana, wato suna bin jinin nan suna maimaitawa sau da yawa. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan rariya kimanin miliyan ɗaya. Daga lita 180 ɗin nan, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sauran duk ƙoda tana mayar da shi cikin jini, tare da fiye da kashi 99 cikin 100 na gishirin da ta tace.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk inda gishiri ya tafi, ruwa na biye da shi. In ƙoda ta riƙe gishiri fiye da kima, ruwa ya ƙaru a cikin jijiyoyin jini, sai matsi ya hau, kamar yadda tiyo ke ɗaurewa in aka ƙure famfo. In ta saki gishirin, matsin ya sauka.

To ta yaya ƙoda ke sanin lokacin riƙewa da lokacin saki? Ta hanyar wasu sinadaran aike da ke yawo cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon. Idan ƙoda ta ji jini ya yi ƙasa, misali mutum ya yi gudawa ko ya yi gumi sosai, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. Wasu masana biyu, Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman, su suka gano shi a ƙasar Suwidin tun 1898. Renin yana yanka wani furotin da hanta ke yi. Abin da ya yanko ya bi jini zuwa huhu, a can a ƙarasa gyara shi ya zama anjiyotensin mai ƙarfi. Shi kuma aiki biyu yake yi. Yana matse jijiyoyin jini, sannan yana aika saƙo ga wata 'yar tsoka da ke zaune a saman kowace ƙoda kamar hula, ta saki aldosteron. Aldosteron shi ke buɗe wasu ƙananan ƙofofi a ƙarshen bututun ƙoda, gishiri ya koma jini ta nan, a madadinsa kuma sinadarin fotashiyam ya fice ta fitsari.

Ƙwayar da kawu ya ara, lisinofiril, tana cikin dangin magungunan da sunansu ke ƙarewa da pril a jikin kwali. Aikinsu shi ne tare wancan gyaran da ake yi a huhu. 'Yan uwansu masu ƙarewa da sartan kuma suna tare saƙon a inda zai sauka. Duka biyun suna yanke sarƙar da renin ya fara. Matsalar ita ce, idan renin ɗin mutum da ma a ƙasa yake, an yanke sarƙar da ba ita ke jan kayan ba.

Masu ƙarancin renin

Tun shekaru da yawa likitoci suka lura cewa baƙar fata, a Afirka da Amurka da Ingila, sun fi samun irin hawan jinin da renin ke ƙasa. A irin wannan jiki ƙoda tana riƙe gishiri da kanta, ruwa ya cika, sai ta ga babu dalilin sakin renin ta yi shiru. Irin waɗannan mutane gishiri yana saurin ɗaga musu jini, rage shi kuma yana saurin saukar da shi. Shi ya sa a jumlace magungunan pril da sartan, in su kaɗai aka ba da, ba su cika saukar da jinin baƙar fata kamar yadda amlodifin ko ƙwayar nan mai sa fitsari ke yi ba. Na ce a jumlace fa, domin akwai baƙin da renin ɗinsu ke sama, akwai turawan da nasu ke ƙasa. Launin fata hasashe ne kawai da likita ke farawa da shi idan babu gwaji.

An gwada wannan a nan Afirka. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci wani bincike mai suna CREOLE da aka wallafa a 2019, an ɗauki masu hawan jini 728 a ƙasashe shida: Najeriya, Kamaru, Kenya, Uganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. An raba su gida uku, kowane gida aka ba shi haɗin magani biyu na wata shida. Gidaje biyun da haɗinsu ke da amlodifin sun fi gida na uku, wanda aka ba haɗin pril da mai sa fitsari, saukar jini da kamar maki 3. Maki 3 kamar ba komai ba, amma in aka lissafa a kan miliyoyin mutane, shanyewar ɓarin jiki ne mai yawa aka kauce wa.

Ina gado ya shigo?

Kowannenmu yana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu na kusan kowane abu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Su ne rubutaccen umarnin da jiki ke bi wajen ƙera renin, da aldosteron, da ƙofofin gishirin nan da na ambata. Tsakanin mutum da mutum akan samu ɗan bambancin harafi a rubutun. Yawancin bambancin ba ya komai. Wani kuma yakan sa ƙofa ta daɗe a buɗe, ko tsoka ta riƙa zuba sinadari fiye da buƙata.

Misali mafi bayyana shi ne ciwon da wani likitan Amurka, Grant Liddle, ya bayyana a 1963 a wani iyali da matasansu ke da mugun hawan jini da ƙarancin fotashiyam. Sai a 1994 aka gano dalili: canji ne a ƙwayar gadon da ke ƙera ƙofar gishiri, jiki ya kasa cire ƙofofin bayan sun gama aiki, suka yi ta zuƙo gishiri ba tare da an umarce su ba. A jinin irin waɗannan mutane renin yana ƙasa, aldosteron ma yana ƙasa. Maganinsu wata tsohuwar ƙwaya ce mai araha, amilorayid, wadda ke toshe ƙofar kai tsaye. Cikakken ciwon Liddle ba shi da yawa a duniya. Amma masu bincike a Kef Tawun sun gano wani canji mai sauƙi a wannan ƙwayar gado a tsakanin baƙaƙen Afirka ta Kudu, wanda ke da alaƙa da hawan jini mai ƙarancin renin, kuma masu shi da dama sun samu sauƙi da amilorayid.

Hanya ta biyu ita ce 'yar tsokar saman ƙoda ta riƙa zuba aldosteron ba tare da jiran saƙo ba. Likita Jerome Conn na Jami'ar Mishigan ne ya bayyana wannan a tsakiyar shekarun 1950. A da ana ɗauka abu ne da ba a cika gani ba, yanzu an san yana cikin manyan dalilan hawan jinin da ke ƙin jin magani. Wani lokaci ɗan ƙari ne a tsoka ɗaya, a yi tiyata a cire, wani ma ya rabu da magani. Wani lokaci duka biyun ne ke wuce gona da iri, sai a ba da sifironolakton wanda ke tare aikin aldosteron. A nan akwai abin lura: canjin da ake samu a cikin irin wannan ƙari yawanci ba gadonsa aka yi ba, a cikin tsokar ya faru bayan haihuwa, kuma mutum ba zai ba 'ya'yansa ba.

Ga yawancinmu kuwa, babu wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ga mai laifi. Wani babban bincike na 2018 da ya duba mutum fiye da miliyan ɗaya ya kai adadin wuraren da ke da alaƙa da ƙarfin jini a rubutun gado zuwa sama da 900, kowanne yana ƙara ko rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Taruwarsu ce ke yin nauyi. Masana na ƙiyasta cewa gado na ɗauke da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na bambancin ƙarfin jini tsakanin mutane. Sai dai mafi yawan waɗanda aka yi irin waɗannan binciken a kansu turawa ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Saboda haka in wani ya tallata muku gwajin yawu a intanet wanda wai zai faɗa muku maganin hawan jinin da ya dace da ku, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ya fi amfani a yanzu shi ne auna sakamakon gadon, wato renin da aldosteron a jini. A 2017 aka wallafa wani ƙaramin bincike da aka yi a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, wanda Dakta Adeseye Akintunde ke kan gaba a marubutansa. An ɗauki mutanen da jininsu ya ƙi sauka, wasu aka ci gaba da kula da su yadda aka saba, wasu kuma aka zaɓa musu magani bisa awon sinadaran nan biyu. Bayan shekara guda, rabin waɗanda aka yi wa awo jininsu ya daidaita, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai. Mutanen ba su kai 100 ba, don haka ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai, amma ya nuna hanya.

Haka ta faru da kawu. Likita ta tsayar da ƙwayar aro, tari ya tafi cikin 'yan makonni. Ta ba shi amlodifin da mai sa fitsari. Bayan wata biyu jini ya sauko 152 bisa 96 ya tsaya, kawu kuma ya fara kukan kasala da ɗaurewar ƙafa da dare. Gwajin jini ya nuna fotashiyam ya faɗi sosai. Likita ta ce wannan alama ce, ta tura mu awon renin da aldosteron. Gwajin yana da tsada, ba kuma kowane ɗakin gwaji ke yi ba, sai da 'ya'yansa suka yi karo-karo. Sakamako ya fito renin a ƙasa, aldosteron a sama. Aka gyara masa haɗin aka sa sifironolakton. Cikin sati shida jinin ya dawo 132 bisa 84. Ba a yi wa kawu gwajin ƙwayar gado ba. Abin da dai iyali suka sani shi ne mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsa bai kai 60 ba, ƙanwarsa kuma ta rasu a Kano bayan wata biyar ana yi mata wankin ƙoda.

Ƙudan tsando da ciwon ƙoda

Akwai wani gadon da ya shafe mu mazauna kudu ta wata fuska. Fataken shanu sun san sammore, sun san ƙudan tsando ne ke kawo shi. Dalilin da ya sa irin ƙwayar cutar da ke kama shanu ba ta kama mutum shi ne wani furotin da ke cikin jininmu mai suna APOL1, wanda ke fasa ta. Amma wasu nau'o'in ƙwayar sun koyi kauce masa, su ne ke jawo ciwon barci ga mutane. Shekaru dubbai da suka wuce aka samu canji iri biyu a ƙwayar gadon APOL1 a Afirka, ana kiransu G1 da G2, waɗanda suka ba masu su kariya daga ciwon barci. Masu kariyar suka fi rayuwa suka hayayyafa, canjin ya yaɗu.

A 2010 masu bincike a Amurka suka gano cewa kariyar nan tana da farashi. Wanda ya gaji canjin daga uwa da uba duka yana cikin haɗarin lalacewar rariyar ƙoda fiye da sauran mutane. Labarin ya yi kama da na sikila, inda AS ke kare mutum daga mugun zazzaɓin cizon sauro amma SS ke zama ciwo. Bambancin shi ne, mafi yawan masu kwafi biyu na APOL1 har su tsufa ƙodarsu lafiya lau. Yawanci sai wani abu ya zo ya tayar da shi, kamar cutar HIV.

Yaɗuwarsa ta bi yanayin ƙasa. Ya fi yawa a yankin kurmi na Afirka ta Yamma, a Habasha kuwa kusan babu shi. Wani babban bincike da aka wallafa a ƙarshen 2024 ya duba mutum 8,355 a Najeriya da Gana, masu ciwon ƙoda da marasa shi, aka samu kusan kashi 30 cikin 100 suna da kwafi biyu, kashi 43 suna da ɗaya. Masu biyu haɗarinsu na ciwon ƙoda ya ɗara na masu ɗaya da marasa shi a haɗe da kamar kashi 25 cikin 100, masu ɗaya ma ya ɗan ɗaga. Wani binciken kuma da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a kan masu ɗauke da HIV fiye da 2,400 ya samu kwafi biyu a jikin kashi 2 cikin 100 na Hausa da Fulani, kusan kashi 15 na Yarbawa, da kusan rabin Ibo da ke cikin binciken.

Me ya haɗa wannan da hawan jini? An daɗe ana cewa hawan jini ne ke cinye ƙodar baƙar fata. Yanzu an gane cewa a wasu mutanen ƙodar ce ta fara lalacewa saboda APOL1, sannan ita ta ɗaga jinin. Irin wannan mutum ko jininsa ya sauka, dole a ci gaba da sa ido a kan ƙodarsa.

Matar kawu Bayarabiya ce daga Abekuta, 'ya'yansu shida. A Agege, da Sabon Ibadan, da Shagamu, da Fatakwal, irin wannan aure ba baƙon abu ba ne, wasu gidajen ma tun kakanni ake cuɗanya. Babban ɗansa ya tambaye ni ko wannan na nufin su ma a gwada su kafin aure kamar sikila. Na ce a'a, babu likitan da ke ba da shawarar fasa aure a kan APOL1, kuma ba ƙabila ake auna wa ba, ƙoda ake aunawa. Ƙanwar kawu da ta rasu Bahaushiya ce gaba da baya. Wanda ya ce shi ɗan Arewa ne don haka ƙodarsa ta tsira, ya yaudari kansa, domin hawan jini da suga da magungunan kashe ciwo ba sa tambayar garinku.

Gado ɗaya, abinci daban

Wasu masana na ganin jikin da ya ƙware wajen riƙe gishiri gata ne ga kakanninmu, masu noma da kiwo cikin rana, ana zubar da gishiri ta gumi, shi kuma gishirin sai ayarin raƙuma ya ɗauko shi daga Bilma. A 2004 masu bincike a Jami'ar Shikago sun nuna cewa wasu ƙwayoyin gado da ake dangantawa da riƙe gishiri sun fi yawa a al'ummomin da ke kusa da tsakiyar duniya inda ake zafi, suna raguwa in aka nufi ƙasashen sanyi. Hasashe ne mai ma'ana, har yanzu dai ana muhawara a kansa.

Abin da babu muhawara a kai shi ne tasirin rayuwa. A 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu suka wallafa awon da suka yi wa mutum sama da 10,000 masu tushe ɗaya na Afirka ta Yamma. A Najeriya da Kamaru kashi 16 cikin 100 ke da hawan jini, a tsibiran Karebiyan kashi 26, a Amurka kashi 33. Tushen gado kusan ɗaya, amma ƙiba da cin gishiri suna hawa, hawan jini na bin su. Yau a Najeriya kanta ana maganar kusan babba ɗaya cikin uku. Ƙwayoyin gadonmu ba su canza cikin shekara 30 ba, tukunyarmu ce ta canza.

Ku dubi cin ɗan kasuwa a Legas. Da safe burodi da taliyar leda a wurin mai shayi, da garin ɗanɗanonta duka. Da rana shinkafa da miyar da aka jefa wa dunƙulen magi ba adadi. Da dare tsire ko balangu, a barbaɗa yajin da ke ɗauke da gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi da magi da kilishi da busasshen kifi. Sai kanwa. Saboda ana kiranta fotash a kudu, wasu na zaton fotashiyam ce. Mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, wato sinadarin da ke sa gishiri ɗaga jini. Mai hawan jinin da ke shan kunun kanwa kullum ko jiƙa ta don ciwon ciki, gishiri yake ƙara wa kansa.

Abu na biyu shi ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda 'yan dako da direbobi da masu acaɓa ke haɗiya kamar gyaɗa, har da haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna sa ta riƙe gishiri, suna kuma raunana maganin hawan jini. Ga wanda ya wuni yana gumi bai sha ruwa ba, illar ta fi yawa. Kawu ya yi shekaru yana shan su saboda ciwon baya, ranar farko likita ta hana.

Abin da za ku yi da wannan bayani

Ku san tarihin gidanku. In kun je gida da salla, ku tambayi tsofaffi: wa ya yi hawan jini, wa ɓarin jikinsa ya shanye, wa ya kumbura, kuma yana da shekara nawa. Ku faɗa wa likita, domin wannan shi ne gwajin gado mafi araha da muke da shi.

Ku auna jini ko ba ku jin komai, don hawan jini yawanci ba ya ciwo. A zauna a huta minti 5 kafin awo, ba goro ba sigari ba shayi mai kauri rabin awa kafin nan. In ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, a je asibiti. Duk mai hawan jini ya nemi a duba masa furotin a fitsari, da kiriyatinin da fotashiyam a jini, aƙalla sau ɗaya a shekara. Fitsari mai kumfar da ba ta kwanciya, ko kumburin fuska da safe, ko na ƙafa, ba abin jira ba ne.

Akwai waɗanda ya kamata su tambayi likita ko akwai buƙatar awon renin da aldosteron: wanda hawan jini ya kama tun yana ƙasa da shekara 40, wanda ke shan magani iri uku jinin bai sauka ba, da wanda fotashiyam ɗinsa ke faɗuwa.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya jefar da pril ko sartan ɗinsa. Ga mai ciwon suga, ko mai zubar da furotin a fitsari, ko mai raunin zuciya, su ne ke kare ƙoda da zuciya, shi ya sa aka ba maƙwabcin kawu. In aka haɗa su da amlodifin kuma suna aiki sosai a jikin baƙar fata. Abin kiyayewa biyu ne: mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan su, sannan duk wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura yana shan pril ya tafi asibiti a take, domin wannan matsala ta fi samun baƙar fata kuma tana iya toshe numfashi. Mai shan sifironolakton ko amilorayid, ko mai ciwon ƙoda, kada ya sayi gishirin da ake cewa na masu hawan jini ne sai da izinin likita, saboda fotashiyam ne a ciki, in ya yi yawa yana tsayar da zuciya. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Kawu yanzu yana da nasa abin awo a rumfa, a cikin akwatin kuɗi yake ajiye shi, kuma ya zama shi ke auna maƙwabta. Makon jiya wani mai tumatir jininsa ya nuna 160 bisa 100, ya ce, "Alhaji, ara mini kwalin naka in kai kemis." Kawu ya mayar da kwalin aljihu, ya ce masa ya shirya ranar Talata da sassafe, shi zai raka shi asibiti da kansa.